Sauri ko Kyan Hoto: Wani Tsohon Ciniki a Fuskar Talabijin

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyo a wayarsa ya ga hoton ya dushe sa'ad da intanet ta yi rauni, to ya shaida wani ciniki da ya girmi kakanninmu. Na'ura tana rage kyan hoto don kada motsi ya tsaya. Abin da nake so in nuna wa 'yan'uwa ɗalibai shi ne, an fara wannan ja-in-ja tun kusan shekara ɗari da suka wuce.

Asalin matsalar daga idon ɗan'adam take. Abin da muke kira hoto mai motsi, hotuna ne tsayayyu da ake jerowa da sauri. In an jero su a hankali, ido zai ga allon yana ƙyafta-ƙyafta, har kai ya yi ciwo. Masu silima sun tsaya a kan hoto 24 a sakan ɗaya tun ƙarshen shekarun 1920, amma majigi yakan haska kowane hoto sau biyu, ya zama walƙiya 48, sai ido ya ruɗu ya ga haske a zaune. Talabijin kuwa ba ta da wannan sauƙi, domin ba ta riƙe hoto. Layi-layi take zana shi daga sama zuwa ƙasa, kuma kowane layi sai an aiko shi ta iska. Yawan layuka shi ne kyan hoto, yawan hotuna a sakan shi ne santsin motsi, hanyar da za su bi kuwa ƙunci gare ta.

John Logie Baird, mutumin Sikotilan, ya nuna talabijin ɗinsa a London a watan Janairu 1926, da layi 30 kacal. Fuskar mutum da ƙyar ake gane ta. Zuwa ran 2 ga Nuwamba 1936, da BBC ta buɗe tasharta a Alexandra Palace, sai aka sa gasa tsakanin tsari biyu, wannan ya yi mako wancan ya yi mako. Na Baird yana da layi 240, hoto 25 a sakan, kowane hoto a zana shi gaba ɗaya. Na kamfanin Marconi-EMI, wanda Isaac Shoenberg da Alan Blumlein suka jagoranci ƙera shi, yana da layi 405, da wata dabara da zan kira tsallake-layi.

Ga yadda take. Maimakon a zana layukan bi-da-bi, sai a zana na 1, na 3, na 5, har ƙasa, sa'an nan a koma sama a cike na 2, na 4, na 6. Kowane rabi yana haska allo daga sama har ƙasa, saboda haka ido yana samun walƙiya 50 a sakan, alhali cikakken hoto 25 kaɗai aka aika. Watau dabarar majigi ce aka yi wa sabuwar riga. Da za a aika cikakken hoto sau 50, da sai an tura layi 20,250 a sakan. Da tsallake, 10,125 sun wadatar. A watan Fabrairu 1937 BBC ta ajiye tsarin Baird, na 405 kuwa bai mutu ba sai a Janairu 1985.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne rabuwar Amurka da Turai. Injiniyoyin farko sun ɗaure saurin hoto da bugun wutar lantarki don kada wata inuwa ta riƙa yawo a allo. Wutar Amurka tana juyawa sau 60 a sakan, ta Turai sau 50. Sai Amurka a 1941 ta zaɓi layi 525 da hoto 30, yawancin Turai kuma daga baya suka ɗauki layi 625 da hoto 25. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: na farko layi 15,750 ne a sakan, na biyu 15,625. Kusan kuɗi ɗaya suka shiga kasuwa da shi, wannan ya sayi sauri, wancan ya sayi kyau. Faransa ce ta ƙi ciniki, ta kafa layi 819 a 1948. Hoton ya yi kyau ƙwarai, sai dai kowace tasha tana cin filin kusan tasha biyu a iska, kuma a farkon shekarun 1980 ta haƙura ta yar da shi.

Mu a nan ba a shawarce mu ba. Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962, kuma EMI ɗin nan tana cikin kamfanonin Ingila da gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da su. Tsarin layi 625 muka gada, tare da wutar da ke juyawa sau 50.

Tsallake-layi tana da nata aibi. Rabi biyun ba lokaci ɗaya aka ɗauke su ba, don haka in abu yana gudu, gefensa yakan fito kamar haƙoran zarto a allon kwamfuta, wanda shi yake zana layukansa bi-da-bi. Wannan ne ya tayar da tsohuwar gardamar a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, da talabijin ta dijital ta zo. CBS da NBC suka ɗauki layi 1080 mai tsallake, ABC ta ɗauki layi 720 cikakke sau 60 a sakan. A ganina mai kallon ƙwallo ABC ce ta yi masa adalci, domin ƙwallon da ke tashi sama ba ta jiran rabi na biyu ya iso.

Har wa yau, in ka buɗe wurin zaɓen kyan hoto a YouTube za ka ga 144, 240, 360, har sama. Yawan layuka ne waɗannan lambobin. Ɗalibin da ya sauko zuwa 240 don datarsa ta kai shi ƙarshen wata, adadin layukan da BBC ta raina a 1937 yake kallo.