Yaɓe, daɓe da jere: lokacin da gidan Bahaushe ke sauya riga tare da shekara

Duk wanda ya zauna bencin lakwal a ƙasar nan ya hardace lokutan shekara huɗu na Faransa, har da wanda ganye ke zuba da wanda ƙanƙara ke rufe ƙasa. Namu kuwa biyar ne in an ƙirga da kyau: damana, kaka, ɗari, rani da bazara. Yara sun san su a matsayin lissafin gona. Abin da ba kasafai muke gaya musu ba shi ne, gida ma da wannan lissafi yake tafiya a da. Kowane lokaci yana da aikinsa a jikin bango, a ƙasan ɗaki da cikin ɗakin uwar gida, kuma abin da muke kira ado a tsohon gida rabinsa gyara ne. Tarihin yadda muka raba ado da gyara nake so mu duba.

Dalilin farko ƙasa ce. Daga Ƙwanni zuwa Damagaram da laka ake gini, laka kuwa ba ta mutuwa kamar siminti, tana sha tana bushewa. Ruwan da muke samu a shekara bai fi milimita 400 zuwa 600 ba a yawancin kudu, amma cikin wata uku ko huɗu yake sauka, da iska, kuma daga gabas hadari ke tasowa. Shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa, kuma tsohon magini in ya zo duba gida daga nan yake farawa. Gidan da aka gina da irin wannan ƙasa ba a gama shi. Kowace shekara akwai bashin da yake bin mai shi.

Da an kai amfanin gona rumbu, ɗari ya shigo, sai aikin tubali ya tashi, domin a lokacin kududdufi bai ƙafe ba kuma hannu ya samu sarari. A kwaɓa ƙasa da ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a mulmula tubali da hannu. Bulon ƙasa mai kusurwa huɗu da ake bugawa a cikin katako daga baya ya zo, zamanin Nasara. Azara daga giginya take, kuma tsoffin gidajen da ke da faɗin ɗaki sun san darajar kurmin giginyar Dallol Mawri da ke wajen Gaya.

Amma babban lokacin sabunta gida bazara ce, kafin ruwan fari. A nan ne ake yaɓe. A toshe tsaga, a ɗaga zankwayen da suka gutsure, a share indararo, a ƙara ƙasa a saman soro a daddaɓe. Masu ɗakin jinka su nemi shuci su yi baibaya. Wani abin da ke burge ni shi ne yadda itace ma ya san lokacin. Ɗorawa a bazara take nuna, kuma daga ɓawonta ake samun makuba, wadda in an jiƙa ta aka haɗa da ƙasar yaɓe sai bango ya yi duhu-duhu mai sheƙi, ruwa ya riƙa zamewa a kai. Masu hali suna yin laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato abin da ke taruwa a gindin rijiyar marina, da gashin majema da ruwan dafara. Ku dubi wannan sarƙa: marini da majemi da magini, sharar wani ita ce kayan aikin wani. Ranar da marina suka fara mutuwa saboda atamfar kanti, katsi ya yi wuya, laso ya bi shi. Ba wanda ya yi shelar haka a kasuwa, a hankali abin ya ɓace.

Kan wannan sabon yaɓe, tun yana ɗanye, magini ke zana adonsa da hannu: dagi, takobi, zobba masu shiga juna, da layukan da ke kewaye ƙofar zaure. Wanda ya taɓa yawo a unguwar Birni a Damagaram ya ga abin da nake faɗi. Garin ya bunƙasa a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, lokacin da ayarin Tarabulus da Kano ke sauka a Zango, kuma ya riƙe matsayin babban birnin ƙasa daga 1911 har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Attajirai sun zuba dukiya a fuskar gidajensu. Sai dai mu tuna, zanen laka ba ya zama shekara ɗari yadda aka yi shi. Adon da muke gani a tsohon gida hannuwa da yawa sun bi ta kansa, ɗa ya maimaita na uba, jika ya ƙara nasa. Da keke da mota suka shigo, su ma sun hau bango. Zanen ƙofar gida shaida ce cewa maigida ya biya bashin bana. Wanda fuskar gidansa ta kwana biyu ba a taɓa ba, maƙwabta sun san ko dai ciwo ne ko karaya.

Cikin gida na mata ne, kuma a ganina a nan ne tarihin ya fi daɗi. Daɓe aikin gayya ne. A zuba ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, mata su jeru a durƙushe kowa da madaɓinta, suna bugu tare suna waƙa. Waƙar daɓe wuri ne da ake habaici ga kishiya da uwar miji ba tare da an kai ƙara ba. In an gama, ƙasan ɗaki ya yi santsi da ƙarfi, a shafa wa bango farar ƙasa, wani lokaci a ja layin jar ƙasa daga ƙasa. Da rani ake yin sa don ya bushe, kuma yawanci saboda amarya, tun da bukukuwa bayan kaka suke yawa, sa'ad da akwai hatsi da ɗan kuɗi.

Kayan ɗakin ma kaka ce ke kawo su. Duma ya bushe a fafe ƙorai, a yi musu zane da wuta ko a kankare su su yi fari. Kara ya samu, a yi gado da darni. Gamba ta isa yanka, a saƙa zana a sake dangar da damana ta kayar. Kaba kuwa, ganyen ƙaramar goriba, ita ce uwar tabarma da igiya da faifai, kuma har kwari guda aka sa wa sunanta, Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi. Da ɗari ya kankama a fito da luru da gwado, a saki asabari a ƙofa, tsofaffi su shigar da kaskon wuta, mai jego ta hau gadon ƙasa da aka hura wa garwashi a ƙarƙashi. Da zafi ya dawo sai ɗaki ya zama ma'aji kawai. Rayuwa ta koma tsakar gida da rumfa da saman soro, a sayi sabuwar randa, irin ta Mirriya in an samu, a girka ta a inuwa bisa jiƙaƙƙen rairayi. Gida ɗaya, amma wurin kwana da wurin hira suna ƙaura sau biyu ko uku a shekara.

Jeren amarya shi ne ya fara fita daga wannan lissafi. Da ƙorai da faya-fayi ake jere, sai tasoshin tagulla ga masu hali. A tsakiyar ƙarni na 20 kwanon samira mai fure ya cika kasuwa, ana kawo shi daga Turai da Hong Kong, daga baya masana'antun Najeriya suka riƙa yin sa. Lokacin ya zo daidai da zamanin gyaɗa, sa'ad da kantunan CFAO da SCOA ke saye a Maraɗi da Damagaram, kafin a kafa SONARA a 1962. Kuɗin gyaɗa ya shiga ɗakin mata ta hanyar langa da fanteka, aka jera su har rufi. Ba na cikin masu raina wannan jere. Shi ne bankin mace, in ta shiga matsi ta cire biyu ta sayar, in ta aurar da ɗiya ta rage mata. Amma ƙwarya tana tsufa a sake ta da kaka, samira kuwa ba ruwanta da kaka, da kasuwa take tafiya. Bayanta almuwar mai madubi ta zo, sai kuloli da tangaran, sai labule da kujerun da ake yayi yau a daina gobe.

Akwai kuma lissafi na biyu da ya daɗe tare da mu, na wata. Sallah tana da nata gyaran gida: shara, wanke jere, sabon labule, sabuwar leda. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, don haka Sallah tana zagaya lokutan shekara duka cikin kimanin shekara 33. A 2012 ƙaramar Sallah a Agusta ta faɗo, tsakiyar marka, lokacin da ba mai hankalin da zai shafa wa bango farar ƙasa ta waje. Kakanninmu sun riƙe lissafin biyu ba su haɗa su ba: na wata don kwalliya, na rana don ran gida. Mu muka riƙe na farko da hannu biyu muka saki na biyun.

Yaya aka yi muka sake shi? Maraɗi ta ba da misali tun da wuri. Tsohon garin a cikin fadamar Gulbi yake, har ambaliyar 1945 ta ci shi, Nasara suka tayar da sabon gari a kan tudu da tituna miƙaƙƙu da filaye masu kusurwa huɗu. Cikin wannan sabon gari alhazai suka fara rufin kwano, kuma da masana'antar siminti ta Malbaza ta soma aiki a shekarun 1960, ginin bulo ya zama abin da kowane ma'aikaci ke mafarki. Sai fari ya zo, na 1973 da na 1984, da shekaru masu yawa na ƙarancin ruwa a tsakaninsu. A fahimtata wannan ya yi wa al'adar yaɓe illa fiye da siminti. Mutane sun ga an tsallake shekara ɗaya, biyu, uku, bango bai faɗi ba. Kuma samarin da ke kwaɓa ƙasa su ne yunwa ta koya wa tafiya bida, zuwa Kano, Legas, Abijan, daga baya Libiya. Suna fita bayan kaka su dawo da ruwan shuka, wato ba sa nan a daidai watannin da gida ke bukatar hannunsu. Wanda ya aiko kuɗi kuwa, buhun siminti ake saya a shafe fuskar bangon laka da shi.

Wannan shafen siminti a kan laka, in za a bi ta tawa, da an daina shi. Ba sa kama juna. Simintin yana tsagewa, ruwa ya shiga ta baya, lakar ta jiƙe ba ta samun hanyar bushewa, daga waje kuma gida fes. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a nan tsagar ɓoye take. Tsohon yaɓe yana nuna ciwonsa a fili, mai gida ya gani ya yi magani.

Ruwa kuma ya dawo da ƙarfi. Damanar 2020 da ta 2024 sun rusa gidaje bila adadin, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi ji a jika, kuma ranar 3 ga Satumba 2024 tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya rushe. Irin wannan ruwa ya fi ƙarfin yaɓe kaɗai, akwai maganar magudanai da gini a hanyar ruwa. Amma har yau mafi yawan ɗaliban da ke gabanmu a cikin ɗakin laka suke kwana, kuma da yawansu ba su taɓa ganin an jiƙa makuba ba. In na ce su zana gida, kwano da bulo suke zanawa, ko da a ƙauyen babu irinsa sai na likita.

Ina so malamai su san labarin masallacin Yama da ke jihar Tawa. Magini Falke Barmu ya gina shi da laka a 1962, mutanen gari suna kawo ƙasa da ruwa da itace. A 1975 da lokacin gyara ya yi, bai tsaya ga toshe tsaga ba, ya sake rufin, ya ƙara ƙubba, ya tayar da hasumiya huɗu kowace da siffarta, aikin ya kai 1982. A 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine. Abin da duniya ta yaba ɗin daga gyara ya fito. Wannan darasi ne na tarihi da na kimiyya da na zane a wuri ɗaya, kuma ba ya bukatar littafi daga waje. Maginin unguwa da tsohuwar da ta san daɓe suna nan da rai, awa guda a gaban aji ta ishe su, in an gayyace su cikin mutunci.

Abin takaici, ginin da ya rage muna sabuntawa kowace shekara bisa lissafin kaka shi ne ajin zana. Ana buɗe lakwal a Oktoba, amma a wurare da yawa karatu ba ya kankama sai an girbe hatsi an samu kara, iyaye sun kafa rumfa. Ruwan farko na bazara in ya zo da iska, shekarar karatu ta ƙare ko an shirya ko ba a shirya ba. A Afrilu 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a Yamai, yara 20 suka rasu, a Nuwamba na shekarar kuma aka sake yi a Maraɗi, aka rasa sama da 20. Allah ya jiƙan su. Kakanninmu da kara suke danga da rumfar shan iska, amma inda za su kwantar da ƴaƴansu, laka suke kwaɓawa su yi bango mai kauri, su bi shi da yaɓe kafin hadarin gabas ya taso.