Farfaɗiya a Damagaram: daga bugun iska zuwa ɓeran gwaji

A darasin tsarin sauti mun saba kawo kalmar farfaɗiya a matsayin misalin dokar da Klingenheben ya bayyana a 1928: tushen faɗ- na aikatau faɗi ya ninku, sai ɗ ta ƙarshen gaɓa ta koma r. Ke nan Bahaushe ya raɗa wa cutar suna da abin da ido ke gani, kamar yadda tsohon Faransanci ya kira ta mal caduc, wato ciwon faɗuwa. Sunan bai ce komai ba game da sanadi. A Damagaram, sanadin an bar wa malamai da ƴan bori: iska ce ta buge, magani kuwa rubutun sha, turare ko girka. Abin da ya fi cutar da majinyaci, a ganinmu, shi ne imanin cewa kumfar bakinsa na yaɗa ciwon. Mutum ya faɗa wuta, jama'a na tsaye daga nesa.

Faransawa sun kama Zinder a 1899, ta kuma zama hedkwatar mulkin yankin daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mayar da mulki Yamai. Cikin wannan tsakani, a 1912, likita Hauptmann na Jamus ya gano cewa fenobarbital na rage faɗuwa. Ita ce ƙwayar da ake kira Gardénal a ƙasashen renon Faransa.

Daga nan tarihin ya koma hannun dabbobi. A 1938, a Boston, Merritt da Putnam sun tabbatar da amfanin fenitoyin bayan gwaji a kan kyanwowin da aka jona wa lantarki. A 1982, a Istokholm, Tatemoto ya tsamo wani ɗan sinadari daga ƙwaƙwalwar alade, aka sa masa suna nuropeptid Y. A 1996, a Siyatil, aka samar da ɓerayen da ba su da shi, sai aka ga farfaɗiya na saurin kama su. Shekara ɗaya bayan haka, a Kopenhagen, aka zuba shi cikin ƙwaƙwalwar wasu ɓerayen, faɗuwa ta yi sauƙi. Bayanin shi ne: yana rage fitar gulutamat, sinadarin da ke zuga jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Wato ƙwaƙwalwa na da birkinta (kalmar direbobi ce, amma ba mu sami wadda ta fi ta ba).

Har yanzu wannan bincike bai haifar da ƙwayar da ake sayarwa ba. Yaron da sanƙarau na 1995 ya bar wa farfaɗiya, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, abin da ya fi araha gare shi shi ne ƙwayar 1912, in akwai ta a asibitin garinsu, in kuma iyaye sun yarda ciwon na likita ne.