Wusasa: Gadon Likita Miller da ke tsaye a kan ginin ƙasa

A shekarar 1905 Dakta Walter Miller, likita ɗan mishan daga Ingila, ya zauna a birnin Zariya, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. A gidansa ya riƙa duba marasa lafiya yana kuma koyar da yara boko. Wajen 1929 aka mayar da mishan ɗin bayan ganuwa, zuwa Wusasa, inda aka gina cocin St. Bartholomew da tubalin ƙasa da azara bisa fasalin ginin Hausa, ga kuma asibitin St. Luke.

Daga hannun wannan mishan Dakta Barau Dikko ya fito, likitan zamani na farko a Arewa. Farfesa Ishaya Audu, shi ma likita, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya yi makaranta.

Sai dai ginin ƙasa ba ya jure sakaci. Kowane magidanci a Anka ko Gummi ya san cewa idan indararo ya toshe, ko aka tsallake yaɓe kafin damina, ruwa zai jiƙa azara, soro ya rufta. Shafa siminti kuwa yakan tsare danshi ne a cikin bango.

Dokar 1979 ta ba Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ikon kare irin waɗannan gine-gine, amma takarda ba ta yin yaɓe. Gidan Ɗan Hausa na Kano ya tsira ne domin ana shiga, ana aiki a ciki, ana gyara.