Masu haɗa kiɗan rok na bayan fage da zane-zane

Masu haɗa kiɗan rok na bayan fage da zane-zane mutane ne da suka riƙe sana'a biyu a lokaci guda ko ɗaya bayan ɗaya. Suna kiɗa ko waƙa a ƙananan ƙungiyoyin rok waɗanda manyan kamfanonin faifai da gidajen rediyo ba su cika kulawa da su ba, kuma suna zane da fenti ko alƙalami, ko sassaƙa. An fi samun irinsu a Amurka da Ingila tun daga shekarun 1960. A Najeriya ma an yi mawaƙa masu zane, ko da yake kiɗansu ya fi karkata ga gangunan gargajiya da salon highlife. Yawancinsu sana'a ɗaya ce ta ciyar da su, ɗayar kuma ta kawo musu suna, kuma sau da yawa sana'o'in biyu sun yi musayar matsayi bayan shekaru.

Ma'anar bayan fage

Rok kiɗa ne da ake yi da jita mai aiki da lantarki, da jitar bes mai kaurin sauti, da jerin ganguna. Ya samo asali a Amurka a shekarun 1950 daga kiɗan baƙaƙen fatar ƙasar. Wanda ake kira na bayan fage shi ne wanda ake bugawa a ƙananan gidajen rawa da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ake kuma fitar da faifansa ɗaruruwa ko 'yan dubbai ta hannun ƙananan kamfanoni, wani lokaci ma makaɗan ne da kansu suke kwafar kaset suna rabawa.

Wannan rashin kuɗi shi ne dalili na farko da ya haɗa kiɗan da zane. Ƙungiyar da ba ta da kamfani a bayanta ba ta da mai tsara mata bangon faifai ko fastar sanar da wasa. Dole wani daga cikinta, ko ɗan'uwansa, ko abokin da suke kwana ɗaki ɗaya, ya ɗauki alƙalami ya zana, a kai shagon fotokwafi, a manna a jikin turakun lantarki.

Makarantun zane

Dalili na biyu makaranta ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kwalejojin zane na Ingila suna karɓar matasan da ba su ci jarrabawar shiga jami'a ba, kuma hukuma tana ba ɗalibai tallafin karatu. Samari da yawa masu sha'awar jita sun fake a can. John Lennon ya shiga kwalejin zane ta Liverpool a 1957, inda ya haɗu da Stuart Sutcliffe, wanda ya zama mai kaɗa bes na farko a ƙungiyar Beatles. Sutcliffe ya bar ƙungiyar a 1961, tun ba ta shahara ba, ya zauna a birnin Hamburg na Jamus yana koyon zane, ya rasu a 1962. Syd Barrett, jagoran Pink Floyd na farko, shi ma ɗalibin zane ne a Landan. Ya rabu da ƙungiyar a 1968, daga baya ya koma Cambridge, ya ci gaba da zane a keɓe har rasuwarsa a 2006.

A New York kuwa, mai zane Andy Warhol ya ɗauki nauyin ƙungiyar Velvet Underground, yana haska finafinansa a kansu suna cikin kiɗa. Shi ya zana ayabar da ke bangon faifansu na farko a 1967, wadda ake iya ɓare ɓawonta. Warhol bai kaɗa komai ba, faifan kuma bai yi kasuwa ba a lokacin, amma daga nan aka saba ganin makaɗan rok da masu zane a zaure ɗaya.

Captain Beefheart

Don Van Vliet, wanda aka fi sani da Captain Beefheart, shi ne misalin da aka fi kawowa. An haife shi a jihar Kaliforniya a 1941, kuma tun yana yaro yake ƙera siffofin dabbobi da yumɓu. Faifansa mafi suna, Trout Mask Replica, ya fito a 1969 da waƙoƙi 28, abokinsa na ƙuruciya Frank Zappa ne ya kula da ɗaukarsa. Makaɗansa sun shafe kimanin wata takwas a gida ɗaya suna bita cikin ƙunci da yunwa, kuma wasunsu sun bayyana daga baya cewa ya gallaza musu. Kiɗan yana da wuyar sauraro: kowace jita tana bin nata taki, ganguna suna bin wani daban, muryarsa mai kaushi tana bisa. Masu sharhi sun ɗaukaka shi, masu saye kuwa kaɗan ne.

Ya ci gaba da zane duk tsawon shekarun da yake kiɗa, har zanensa ya hau bangon wasu faifansa, kamar Doc at the Radar Station na 1980. Bayan Ice Cream for Crow na 1982 sai ya ajiye kiɗa gaba ɗaya. An ruwaito cewa dillalan zane sun ba shi shawarar hakan, domin masu sayen zane za su riƙa kallonsa a matsayin mawaƙi mai wasa da fenti muddin yana hawa dandali. Ya baje kolinsa a New York a 1985, dillalin nan na Jamus Michael Werner ya riƙa sayar da aikinsa. Manyan zane-zanensa na hankaki da karnukan daji da siffofin mutane a kan farin fili sun kawo masa kuɗin da faifai goma sha biyu ba su kawo ba. Ya rasu a 2010 bayan doguwar jinyar ciwon jijiyoyi, bai sake fitar da sabon faifan kiɗa ba.

Labarinsa ya nuna bambancin kasuwannin biyu. Faifai abu ne mai araha da ake bugawa da yawa, sai an sayar da dubbai kafin mai shi ya ga riba. Zane kuwa guda ɗaya ne tak, mai saye ɗaya ya isa. Amma kasuwar zane tana da masu tsaron ƙofa, kuma sun daɗe suna raina wanda ya shigo ta hanyar jita.

Zamanin punk

A shekarun 1970 wani salo mai sauri da hayaniya da ake kira punk ya rage darajar ƙwarewa. Wanda ya iya riƙe jita na wata biyu yana iya kafa ƙungiya, wannan kuwa ya yi wa ɗaliban zane daɗi. A 1973 Mike Kelley da Jim Shaw da Cary Loren da wata mai zane da ake kira Niagara suka kafa Destroy All Monsters a garin Ann Arbor na jihar Michigan. Kayan kiɗansu sun haɗa da injin share ƙura da kayan wasan yara da gwangwanaye. Kelley da Shaw sun bar ƙungiyar a 1976 suka tafi ƙarin karatun zane a Kaliforniya, Kelley kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan masu fasahar Amurka na zamaninsa kafin rasuwarsa a 2012. Sai a 1994 aka tattara tsofaffin kaset ɗinsu aka fitar.

Raymond Pettibon, wanda aka haifa a 1957, ya karanta tattalin arziki a jami'a. Ya ɗan kaɗa bes a ƙungiyar yayansa Greg Ginn, shi ya ba ta suna Black Flag, shi kuma ya zana tambarinta na sanduna huɗu baƙaƙe, wanda har yau matasa suke bugawa a riga da jikinsu. Fastocinsa na tawada baƙa, masu hoto guda da jimla ɗaya mai tayar da hankali, an yi su ne don a manna a titi a yage bayan wasa. A 2017 gidan New Museum na New York ya baje zane-zanensa sama da 700. Ya sha nuna rashin jin daɗinsa da yadda ake maƙala masa sunan punk, alhali ya daɗe da wuce wannan zango.

Kim Gordon ta kammala makarantar zane ta Otis a Los Angeles, ta koma New York tana rubuta sharhi a mujallar Artforum, sannan ta shiga kafa Sonic Youth a 1981 ba tare da ta taɓa koyon kiɗa a makaranta ba. Bangon faifan ƙungiyar ya zama kamar ɗakin baje koli: zanen kyandir na Gerhard Richter a Daydream Nation na 1988, aikin Pettibon a Goo na 1990, da 'yar tsanar saƙa ta Kelley a Dirty na 1992. Bayan watsewar ƙungiyar a 2011 ta ƙara ba zane lokaci, gidan tarihin Andy Warhol da ke Pittsburgh ya baje aikinta a 2019.

Jean-Michel Basquiat ya kafa ƙungiyar Gray a 1979 yana busa kilarinet, wani abin busa mai kama da algaita. Kiɗan ya zama ɗan ƙaramin babi a tarihinsa, domin a 2017, shekara 29 bayan rasuwarsa, an yi gwanjon zanensa guda a kan dala miliyan 110.5.

A Najeriya

Rok ya yi tashe a kudancin Najeriya bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ƙungiyoyi irin su Funkees da Hygrades a gabas, da BLO da Ofege a Legas, sun fitar da faifai a farkon shekarun 1970. 'Yan Ofege ɗaliban sakandare ne a kwalejin St Gregory lokacin da suka fitar da Try and Love a 1973. Tashen bai daɗe ba, aka manta da yawancin faifan har sai da kamfanonin waje suka sake buga su, kamar tarin Nigeria Rock Special na 2008. Mai zanen bangon faifai da ya fi suna a wannan zamani shi ne Lemi Ghariokwu, wanda ya zana wa Fela Kuti bango 26, farawa da Alagbon Close a 1974.

Wanda ya fi cika siffar mai sana'a biyu shi ne Twins Seven Seven, wanda aka haifa a 1944 a Ogidi, cikin jihar Kogi ta yanzu. Sunan ya samo asali ne daga cewa mahaifiyarsa ta haifi tagwaye sau bakwai, shi kaɗai ya rayu. Da rawa ya fara, yana bin masu tallar magani gari gari yana tara musu jama'a. A 1964 ya faɗa gidan Mbari Mbayo na Osogbo, wanda ɗan wasan kwaikwayo Duro Ladipo ya kafa tare da Ulli Beier, ya shiga bitar zane da Georgina Beier ta shirya. Cikin 'yan shekaru ya zama fitaccen ɗan wannan makaranta. Yana cika fili da ƙananan layuka da ɗigo, yana zana iskoki da dabbobi da halittun tatsuniyoyin Yarbawa, wani lokaci a kan falankin katako da ya yanka ya jera bisa juna. Bai bar kiɗa ba: yana da ƙungiyarsa, ya fitar da faifai, a shekarun 1980 kuma ya yi wasa a Amurka tare da makaɗin gangar jaz Ronald Shannon Jackson. An nuna zanensa a baje kolin Magiciens de la Terre a Paris a 1989, hukumar UNESCO ta naɗa shi jakadan fasaha na zaman lafiya a 2005, ya rasu a Ibadan a 2011. Kamar Beefheart, zane ne ya kai sunansa gidajen tarihi, faifansa kuwa sai masu tonon tsofaffin kaya suke nema.

Victor Uwaifo na birnin Benin akasin haka ne. Ya karanta zane a kwalejin fasaha ta Yaba a farkon shekarun 1960, amma jita ce ta fitar da shi, musamman waƙar Joromi. Shi ba ɗan bayan fage ba ne ko kaɗan, faifansa sun yi kasuwa sosai. Duk da haka ya koma aji yana da shekara hamsin da ɗoriya, ya karanta sassaƙa a Jami'ar Benin har ya koyar a can, ya kuma riƙe muƙamin kwamishinan al'adu na jihar Edo. Ya rasu a 2021.

Nijar da ƙasar Hausa

A ƙasar Hausa rok bai kafu ba. Masu sauraro sun fi karkata ga kiɗan gargajiya da waƙoƙin finafinan Kano, kuma masu zanen da sashen zane na Zariya ya yaye tun zamanin Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya a ƙarshen shekarun 1950 da zane aka san su. Abin da ya fi kusa shi ne kiɗan jita na Abzinawan Nijar, wanda ake bugawa a bukukuwan aure a Agadas da kewaye.

Mdou Moctar, ɗan Abzinawa mai kaɗa jita da hannun hagu, ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan finafinan Hausa suke amfani da ita. Babu kamfanin da ya rarraba shi, waƙoƙin sun bazu ne daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori. Ta haka Ba'amurke Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ji shi ya neme shi. Wannan kamfani ne kuma ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So a 2013. Fasahar gani da Moctar ya shiga ita ce fim: a 2015 ya fito a matsayin jarumi a Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas da harshen Abzinawa. Faifansa Afrique Victime ya fito a 2021 a kamfanin Matador na New York, kamfanin da ya fitar da The Eternal na Sonic Youth a 2009.