Tarihin Musayar Tsofaffin 'Yan Wasan Besbol a Amurka

Tun daga 1879 ƙungiyoyin besbol na Amurka sun kasance da ikon riƙe ɗan wasa. Sukan kuma yi musayarsa ba tare da jin ta bakinsa ba, komai shaƙuwar magoya baya da shi. A 1969 St. Louis Cardinals ta miƙa Curt Flood ga Philadelphia Phillies bayan ya yi mata wasa shekara 12. Flood ya ƙi tafiya, ya kai ƙara, amma Kotun Ƙoli ta kayar da shi a 1972. Sai dai yarjejeniyar da 'yan wasa da masu ƙungiyoyi suka ƙulla a 1973 ta ba wanda ya shekara 10 a babbar gasa, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, damar ƙin musaya. Ron Santo na Chicago Cubs ne ya fara cin gajiyarta.