Yadda Yanar Gizo Ta Sauya da Abin da Ya Shafi Al'ummar Sanyinna

Mun shirya wannan bayani ne domin mazauna Sanyinna da sauran garuruwan Ƙananan Hukumomin Tambuwal da Kebbe, musamman hakimai da dagatai da ma'aikatan ƙaramar hukuma waɗanda jama'a ke zuwa wurinsu da tambaya. Masana sun raba tarihin yanar gizo zuwa zango uku, kuma abin da ya bambanta su shi ne wanda ke riƙe da bayanai da wanda za a tuhuma idan abu ya ɓaci.

Zango na farko

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya tsara yanar gizo a shekarar 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba, aka buɗe ta ga jama'a a 1991. A wancan lokaci hukumomi da kamfanoni ne ke rubutawa, sauran mutane kuwa sai karatu, kamar dai yadda iyayenmu ke karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo ko sauraron Rediyon Rima. Wannan zango ya wuce ba tare da ya taɓa karkararmu ba, domin ko wayar salula ta GSM sai a watan Agusta na 2001 ta fara aiki a Najeriya.

Zango na biyu

A shekarar 2004 aka fara yayata sunan Web 2.0. A shekarar ce aka kafa Facebook, YouTube ya biyo baya a 2005, WhatsApp kuma a 2009. Daga nan mai karatu ya zama mai rubutu. Manomi na iya ɗaukar hoton albasarsa ko shinkafarsa ya aika wa ɗan kasuwa a Sakkwato ko Jega, wanda bai yi boko ba kuma ya aika saƙon murya da Hausa. A ganinmu saƙon murya ne ya shigar da mutanen karkara wannan duniya fiye da kowace manhaja.

Sai dai duk abin da aka ɗora yana ajiye ne a kwamfutocin wasu kamfanoni ƙalilan, yawancinsu a Amurka. Su ke da ikon rufe asusun mutum, su ke cin ribar tallace-tallace. Gwamnati ma tana da nata ikon: an dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, a watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro.

Zango na uku

Sunan Web 3.0 ya haɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe su.

Na farko shi ne raba iko da bayanai ta hanyar fasahar bulokcen. Misalinta shi ne adashi: maimakon uwar adashi ita kaɗai ta riƙe littafi, sai kowane ɗan adashi ya riƙe kwafinsa, ba a ƙara layi ko ɗaya sai littattafan sun yi daidai da juna. Da wannan tsari aka fito da kuɗin Bitcoin a 2009 da Ethereum a 2015. Amfaninsa shi ne yana da wuya wani ya goge abin da aka rubuta ko ya sauya shi. Illarsa ma daga nan take: wanda ya aika kuɗi ga ɗan damfara, ko ya manta kalmomin sirrin asusunsa, babu manajan banki ko ofishin da zai kai kuka a mayar masa.

Matsayin hukuma kan wannan ya sauya sau da yawa. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kirifto, ya janye hanin a Disamban 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya irin wannan kadara ƙarƙashin kulawar hukumar SEC. Kada a haɗa wannan da eNaira da aka ƙaddamar ranar 25 ga Oktoban 2021, domin ita Naira ce ta Babban Banki, kuma shi ke riƙe da littafinta.

Ta ƙofar "mayinin" ne wannan zango ya shigo Arewa. Matasa da dama sun shafe shekaru suna danna manhajar Pi, a 2024 kuma aka rungumi Hamster Kombat, wadda rabon da ta yi a watan Satumba bai kai kuɗin data da cajin wayar da mutane da yawa suka kashe ba. Wanda ya fi muni shi ne CBEX, da ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda da sunan kirifto da ƙirƙirarriyar basira, ya rushe a Afrilun 2025 da dukiyar jama'a, kamar yadda MMM ya yi a ƙarshen 2016. Ba mu ga dalilin da zai sa magidanci ya sayar da sa ko buhun gero don irin wannan ba. Duk wanda aka yi wa tayin zuba jari ya fara bincika ko kamfanin yana da rajista da SEC.

Abu na biyu shi ne na'urar da ke fahimtar tambaya ta ba da amsa. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a Disamban 2013, ChatGPT kuma ya fito a Nuwamban 2022. Yanzu malamin gona ko ma'aikacin ofis na iya neman a tsara masa wasiƙa ko a fassara masa takardar Turanci cikin daƙiƙoƙi. Amma waɗannan na'urori daga rubutun da ke intanet suke koyo, kuma rubutun Hausa kaɗan ne a can, balle Sakkwatanci. Saboda haka sukan yi kuskure, su faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa. Ba a dogara da su kan awon maganin feshi, maganin mara lafiya, fatawa ko iyakar gona. Haka kuma da su ake ƙirƙirar murya da bidiyon ƙarya na malamai da shugabanni, don haka a tabbatar da saƙo kafin a yaɗa shi. Abin lura, manyan na'urorin nan ma a hannun kamfanoni ƙalilan suke, wato ikon da aka ce za a raba bai rabu ba tukuna.

Ga ma'aikatanmu

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin kare su. Jerin sunayen masu karɓar taki ko tallafi, da lambobinsu na NIN da BVN, ba abin turawa a zauren WhatsApp ba ne, ba kuma abin liƙa wa manhajar ƙirƙirarriyar basira ba ne. A ci gaba da ajiye kwafin takarda na rajistar filaye da ta haihuwa a ofis, domin ranar da babu sabis ko wuta, ita za a buɗe.