Gidajen motsa jiki masu aron suna: yadda suke aiki da abin da ke durƙusar da su

Gidan motsa jiki mai aron suna shi ne wanda ɗan kasuwa ke buɗewa da jarinsa, amma a ƙarƙashin sunan wani babban kamfani. Kamfanin yakan karɓi kuɗin shiga, sannan ya riƙa karɓar kasonsa a kai a kai. Hayar gini da albashi da wuta da gyaran na'urori kuwa duk suna wuyan mai wurin. Raunin tsarin ke nan: abin da ake kashewa ba ya raguwa, alhali masu biyan kuɗin wata suna iya janyewa ko yaushe.

Kullen korona ya tona wannan rauni. A Mayun 2020, Gold's Gym, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1965, ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi, daga baya kamfanin RSG na Jamus ya saye shi kan dala miliyan 100. A watan Yuni 24 Hour Fitness ya bi sahu, ya rufe rassa fiye da 100. Ga kuma masu karya farashi: Planet Fitness ya shafe shekaru yana karɓar dala 10 a wata, sai a 2024 ya mayar da shi 15.

A Najeriya, wuta ce ke cinye riba. An cire tallafin fetur a Mayun 2023, a Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, ga na'urorin gudu da na sanyaya ɗaki masu zuƙar wuta. A Zariya da Kaduna, mai gidan na kuma gogayya da filin ƙwallo da bakin titi, inda jama'a ke gudu bayan sallar asuba ba tare da biyan ko kwabo ba.